Gidan da Aka Kwance wa Mai Gam

A masana'antar haɗa gidaje babu mai kiranta da sunanta, sai Mai Gam. Aikinta ke nan tun zuwanta: a shimfiɗa falanki ta fesa masa gam, a ɗora farin soso mai kauri, ta sake fesawa, a rufe da wani falankin, a tura injin matsi. In ya fito ya zama bango guda, mara nauyi, wanda zafi ba ya ratsa shi. Ma'aikata suna ce wa bangon burodi, ita kuma mai shafa bota. In mace ta miƙo mata hannu sai ta ce, "Janye da wuri, kada mu koma gida a manne."

Yayanta ne shugaban masu haɗa gidajen, shi ya samo mata aikin bayan rasuwar mijinta. Tana haya a ɗaki mai rufin kwano, ita da tsohuwarsu mai ciwon ƙirji. In rana ta take, tsohuwa sai ta yi ta haki, fanka na juya iska mai zafi a kanta.

Wata rana yayan ya same ta a bakin inji.

"Ke, fara tattara komatsanki. Kamfani zai kafa gida a filin baya, na ce ƙanwata ce za ta shiga."

"Yaya, haya ne ko aro?"

"Kin cika tambaya. Wa zai fitar da ke ina raye?"

Da hannunta ta fesa gam ɗin bangwayen gidan, ba ta bar ko kusurwa a bushe ba. Kafin mako ya zagayo gida ya tsaya: ɗaki biyu, falo, ɗan madafi. Ranar da suka tare, tsohuwa ta yi barcin rana har da minshari. Mai Gam ta saki ɗakin haya, ta ba maƙwabciya fankar kyauta, ta ɗinka labule daidai tagogin.

Akwai ma'aunin zafi a bangon falo, injiniya yakan zo ya duba. Baƙi ma sukan zo su ƙwanƙwasa bango, su leƙa har ɗakin tsohuwa. Ba ta taɓa ɓata rai ba. Ruwa take kawo musu, tana cewa, "Ku taɓa ku ji, waje wuta, ciki kamar gindin randa." Tsohuwa kuwa duk wanda ya shigo sai ta gaya masa ɗanta ne ya gina mata.

Haka suka ci lokacin zafi har sau biyu.

Wata safiya tana tsakiyar fesa gam, mai gadi ya leƙo. "Mai Gam, rufin gidanki ne nake gani yana lilo a sama?"

Ta fita da gudu, safar aiki a hannunta. Ga babbar mota, ga ƙugiya ta ɗaga rufin. An fito da kayanta an jera a ƙasa, tsohuwa na zaune kan kujera a rana, labule a cinyarta. Yayan yana kan tsani yana kwance kusoshi.

Injiniya ya ga fuskarta, ya yi turus. "Ba a gaya miki ba? Ai gidan gwaji ne tun farko. An gama gwajin, wani mai gona ya saya. Yayanki ya ce kin sani, har kin nemi wuri."

Ta je gindin tsanin. "Yaya, sauko."

Bai sauko ba. "Da na gaya miki, da ba ki shiga ba. Su kuma mutane suke so a ciki, masu girki da kwana. Ai kin sha sanyi, me kika rasa?"

"Ni ka bar ni. Wannan da ke zaune a rana fa? Ba ita ta haife ka ba?"

Ya kunna injin kwance kusa, ƙararsa ta rufe maganarta.

Tsohuwa ta ja mata riga. "Gyara za a yi?"

Mai Gam ta ce, "Gyara ne, Inna."

Kafin yamma babu abin da ya rage sai daɓen siminti. Daga baya ta ji cewa samo masu zaman gwajin ne ya sa aka ƙara wa yayan girma, aka ba shi ofis.

Ta sami wani ɗakin kwanon a bayan tasha, ya fi na da ƙunci. Kunya ta hana ta karɓo fankar, sai ta sayi wata tsohuwar fanka a wajen mai gyara. Har yau Inna tana tambayar yaushe za a gama gyara, tana sa wa ɗanta albarka, Mai Gam na yi mata fifita.

Aiki kam ba ta bari ba, baki biyu take ciyarwa. Amma raha ta ƙare a bakin inji. In ya biyo ta wurin ya ce, "Ƙanwata, ya jikin Inna?" sai ta gyara tsayuwa, idonta a kan falanki.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."