Wurin Da Kaset Ɗin Ke Ja

Shekarun baya, lokacin ina koyar da adabi a wata sakandare a nan Daura, ɗan ƙanwata ya haɗa kai da abokansa uku suka kafa ƙungiyar kiɗa. Ba kalangu ba, ba kuma irin wanda samarin yanzu ke haɗawa a kwamfuta ba. Jita uku masu lantarki da ganguna irin na Turawa. Kiɗan rok suke yi, na zamanin da ko auren iyayensu ba a ɗaura ba.

Laifin, in laifi ne, daga akwatina ya fito. Muna samari akwai wasu mutum huɗu a ƙasar nan da suka yi irin wannan kiɗa, suka fitar da kaset ɗaya tak, suka watse. Na saye shi ina ɗalibi, na ajiye. Yaron ya tono shi yana nema mini wata takarda, ya roƙa, na ba shi. Bayan wata biyu sai ga shi da wando mai faɗin ƙafa, ya tara suma, yana rataye jita can ƙasa wajen cinya, kamar mutumin da ke hoton bangon kaset ɗin. A kangon da ke bayan gidana suke gwaji kullum bayan la'asar, don haka ba abin da ya wuce ni.

Akwai abin da na sani su ba su sani ba. Kiɗa na uku a kaset ɗin kiɗan rawa ne mai sauri. Amma wata rana rediyon wata mota ya taune zaren, na zaro shi da ƙyar, na naɗe da biro. Tun daga ranar, da an kai tsakiyar kiɗan sai ya soma ja, sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi kamar mai tafiya cikin yashi, sai can ya dawo daidai. Yaran nan sun ɗauka gwaninta ce. Suka zauna suka koyi jan nan daki-daki, har mai ganga ya san inda zai sassauta hannu. In sun zo wurin rufe ido suke yi. Ranar da na fara ji daga tagar ɗakina na yi dariya har da hawaye. Sannan na adana abin a raina, yadda malami ke adana tambaya mai wuya don ranar jarrabawa.

Ranar kuwa ta zo. Ƙanwata ta same ni da safe, ido ya kumbura. Ta ce yaron ya daina zuwa kwalejin ilimi yana shekara ta biyu, ubansa ya daina amsa gaisuwarsa, gidan ya zama kamar na makoki. Ta ce maganata kaɗai yake ji, in taimaka in raba shi da jitar nan.

Na kira shi. Na yi masa huɗuba mai tsawo wadda na ji daɗinta ƙwarai, domin a ciki na kira su injin fotokofi mai ƙafafu takwas. Ya saurara har na gama, ya ce ai ni ma haddar waƙoƙin magabata nake sa ɗalibai, ban taɓa kiran su inji ba. Ban ji daɗin amsar ba, don tana da ma'ana. Sai na kawo shawara. Babban mai jitar kaset ɗin yana nan da ransa a Zango. Mu je su kaɗa masa. In ya ce kiɗa ne, ni da kaina zan je in roƙi ubansa ya ƙyale shi. In ya ce kwaikwayo ne kawai, ya rataye jita ya koma aji. Ya miƙo hannu muka tafa, yana murna za shi ga gwaninsa. Ni kuma na san abin da na ƙulla.

Wata Asabar muka ɗauki shatar mota, da kayan kiɗa da batirin da za a haɗa lasifika. Mun sami dattijon a zaure da tire a cinya yana ɓarar gyaɗa. Yatsunsa duk sun lanƙwashe da sanyin ƙashi. Maƙwabtansa, na lura, ba su san shi da komai ba sai noma da sahun farko a masallaci. Da na faɗi abin da ya kawo mu ya daɗe yana kallon wandunan yaran, sannan ya ce mu zaga baya wajen rumbuna, kada a tara masa jama'a.

Suka yi kiɗa na farko, yana ɓarar gyaɗarsa. Suka yi na biyu, bai ɗago ba. Ga gaskiya sun iya, ko wasali ba su sauya ba. Suka shiga na uku, suka kai tsakiya, suka rufe ido, kiɗan ya soma ja. Sai hannun tsohon ya tsaya.

Da suka gama ya tambayi wa ya koya musu wannan wurin. Ɗan ƙanwata ya ce daga kaset ɗin su tsohon suka ɗauka. Tsohon ya girgiza kai, ya ce su ba su taɓa kaɗa shi haka ba, ya ƙwanƙwasa gefen tire da yatsa ya nuna musu saurinsa na asali. A nan na gyara zama na ba da labarin rediyon mota da biro, cikin tsararrun jimlolin da na kwana biyu ina gogewa. Na rufe da cewa wata takwas suka yi suna bautar lalataccen zare. Ba wanda ya yi dariya. Mai ganga ya sunkuyar da kai. Ɗan ƙanwata bai dubi kowa ba sai ni.

Tsohon ya juyo ya ce, "Malam, ashe ka san da haka ka kawo su?"

Bai jira amsata ba, ya ce da yaran su sake kaɗa wurin, shi kaɗai, kada su gyara komai. Suka sake. Ya ce su ƙara. Sau uku suka yi.

Daga nan ya ba mu labarin yadda su suka koya. Ya ce a rediyo, ta gajeren zango, suke kamo kiɗan Turawa, tashar tana zuwa tana ɗaukewa. Inda iska ta cinye sautin, sai su cike gurbin da abin da kunnensu ya saba ji, wani wurin zubin goge, wani wurin na garaya. Su a zatonsu kiɗan Turawa suke yi sak. Sai da wani baƙo ya ji su ya tambaye su wannan wane irin kiɗa ne, sannan suka gane ba su iya kwaikwayon ba. Ya ce cikin su huɗun da suka yi kaset ɗin shi kaɗai ya rage, ya lissafa sauran ɗaya bayan ɗaya da inda aka binne kowa.

"Mun kaɗa shi muna sauri, don lokacin sauri muke yi," in ji shi. "Yanzu in ya zo mini a ka ina gona, a hankali yake zuwa, kamar yadda kuka yi ɗin nan. Ban san akwai mai iya fito da shi waje ba."

Da ina da kunya da na tsaya nan. Amma malami ba ya barin aji bai ba da maki ba. Na ce to Baba, a taƙaice, kiɗa ne ko kwaikwayo? Ya ce na farko da na biyu nasu ne shi da abokansa, an riga an kaɗa su, yaran su bar su su huta. Wancan wurin mai ja kuwa ba na kowa ba ne, ba nasa ba, ba na Turawa ba. In suna neman inda za su fara, ga wuri nan. Ya cika wa kowa aljihu da gyaɗa ya sallame mu.

Muka dawo Daura. Da aka sauke kaya ɗan ƙanwata ya matso kusa da ni, a ladabce, ya ce, "Kawu, tun yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar farko.

Ya ce, "To." Ya saɓi jitarsa ya tafi.

Na cika alkawari ko da bai tuna mini ba. Na yi ta sintiri wajen ubansa har aka tsaya a kan ya koma kwaleji, ya riƙa kiɗansa Asabar da Lahadi. Ƙanwata ta yi ta sa mini albarka, tana ganin na yi dabara. Amma gwajin ya tashi daga bayan gidana ya koma wata unguwa. Yaron bai yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. In mun haɗu wajen suna ko jana'iza zai durƙusa ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tashi. Na sha fitsarar ɗalibai iri-iri a rayuwata, ba wadda ta yi mini zafin wannan ladabin.

Sai da damina ta zagayo ya zo ƙofar gidana da babur. Ya ce Allah Ya yi wa dattijon Zango rasuwa, ko zan je ta'aziyya. Na hau baya. A hanya ruwa ya tare mu muka fake a wata rumfa, muka yi maganar gero da tsadar taki, daga nan magana ta dawo tsakaninmu a hankali. Ban ba shi haƙuri da baki ba, abin da har yau nake jin nauyinsa. Ƙungiyar ta watse daga baya, kamar yadda irinsu ke watsewa. Shi yanzu malamin firamare ne, yana da 'ya'ya, yana kuma kaɗa abin da ya tsara da kansa, kusan duka masu tafiyar hankali.

Da na zauna na duba kaina, sai na tuna wata ɗabi'a tawa. In ina karanta waƙa a aji nakan tsaya a tsakiyar baiti in dubi taga, sannan in ƙarasa. Wajen malamina na ɗauko, ina ganin zurfin tunani ne. Sai da na je duba shi a ƙarshen rayuwarsa matarsa ta gaya mini tun yana saurayi yake fama da asma, numfashi ne ke yanke masa. Shekara da shekaru ina koyar da ciwon ƙirjin wani, kuma na ga tsofaffin ɗalibaina da suka zama malamai suna duban taga a daidai wurin. Ba wanda ya kai ni Zango don ya kunyata ni.

Kuskurena a kan fasaha bai dame ni sosai ba, masu karatu sun saba yin sa. Abin da ke damuna watanni takwas ɗin nan ne da na yi a bakin taga, ina jin ɗan ƙanwata yana zuba duk abin da ke ransa cikin wani abu, ni kuma ina lissafin ranar da zan fasa masa shi a gaban mutumin da ya fi girmamawa. Yanzu yakan zo da jitar wani lokaci, ya kaɗa mini sabon abin da ya haɗa, ya tambayi ra'ayina. Ina da ra'ayi, kullum ina da shi. Sai in ce ya ƙara kaɗawa.