Gwadabe da Batirin Jirgin Neman Jan-baki

Gwadabe mutumin Ɗanzomo ne, kuma shanun huɗa ya fara sani kafin ya san dalma. Da gona ta yi wa gidansu kaɗan, sai ya dawo Gumel ya kafa rumfar gyaran batir kusa da tasha. Yakan sayo matattun baturan kwamfuta a kasuwar Maigatari, ya farke su, ya tsince ƙwayoyin da ke da sauran rai, ya haɗa wa mutane na fitila da fanka. A wurinsa, jefar da ƙwaya mai sauran numfashi almubazzaranci ne.

Daminar bara, jan-baki suka sauka a gonakin Gagarawa daidai lokacin da gero ke ido. Masu feshi suka ce za su zo, amma sai an nuna musu inda tsuntsayen ke kwana, kuma babu wanda ya sani. Malam Abdulƙahhar, malamin gona na yankin, yana da ɗan jirgi marar matuƙi mai kyamara, sai dai batirinsa ya kumbura. Kafin sabo ya iso daga Legas, tsuntsu ya gama girbi. Ya kawo wa Gwadabe aikin, ya bayyana masa cewa batirin ne ke juya farfela, shi ne kuma ke ciyar da na'urar da ke daidaita jirgin a sama, ta nuna masa hanyar gida.

Gwadabe ya haɗa batirin yadda ya saba, ƙwayoyi masu ƙarfi da masu dama-dama a haɗe. Jirgi ya tashi lafiya, bai yi nisa ba ya rikito cikin gonar riɗi, fiffike ɗaya ya karye. Fitila in batirinta ya gaza dusashewa take yi, jirgi kuwa faɗowa yake.

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa Rahamatu tana miƙo masa tuwo ta ce, "Maigida, ashe yanzu da jirgi ake yankan riɗi?"

Washegari ya baje duk ƙwayoyinsa a tabarma. Ya cika kowace da caji, ya jona mata ƙwan fitilar babur yana kallon yadda take sauka, yana taɓa ta da bayan hannu ko za ta ɗau zafi. Waɗanda suka tafi kafaɗa da kafaɗa su kaɗai ya ware. Ya naɗe sabon batirin a tsohon rawani don kada rana ta gasa shi a hanya.

Malam Abdulƙahhar ya riga ya liƙe fiffiken. Ya ce in jirgin ya sake faɗuwa ba shi da wani.

"Malam, wancan karon bijimi na haɗa da maraƙi a karkiya ɗaya," in ji Gwadabe. "Waɗannan sa'o'in juna ne."

Bayan la'asar jirgin ya bi garken tsuntsaye har ya ɓace wa ido. Manoma suka yi cincirindo a kan wayar Malam, sai ga wani kurmin bagaruwa a bakin tafki ya yi baƙi ƙirin da jan-baki. Gwadabe bai leƙa wayar ba, sama yake kallo. Can sai ga ɗigo ya ɓullo daga arewa, yana girma, har ya sauka a gabansu, farfela na ta juyi.

Masu feshi suka zo a makon. Bayan girbi, manoman Gagarawa suka aiko masa damman gero har sai da suka toshe ƙofar rumfar.