Littafin 'Yan Nazare a Gadon Asibiti

Assalamu alaikum. Na san na yi shiru da yawa. Saƙonninku na nan jibge a waya, har da masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane. Ba kuɗi na yi ba, kwanciya na yi.

Da ciwon ƙeya ya fara. In sha fanadol in tafi ofis. Wata safiya ina shanya a gidanmu na Tarauni, zani ya suɓuce mini, na sunkuya zan ɗauka hannun dama ya ƙi. Yayata Hadiza ce ta tare adaidaita ta kai ni asibiti ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi, bakina a karkace.

Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka yi hoton kai, aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Kowane gwaji da kuɗinsa, har Yaya ta sayar da 'yan kunnenta ba ta gaya mini ba.

Hannu ya fara dawowa, baki ya miƙe. Amma akwai abin da na ɓoye: na kasa karatu. Ni da na yi shekaru ina rubuta muku labarai, in na buɗe waya ina gane haruffa ɗaya-ɗaya, amma kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Tsoron da na ji ya fi na ranar da hannun ya mutu.

Kun san mu da gaisuwar mara lafiya. 'Yan dubiya su ce ya jiki, in ce da sauƙi. Likita ya zo zagaye da ɗalibansa ya ce ya jiki, in ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya rubuta ya wuce gado na gaba. Saura ƙiris a sallame ni a haka.

Yaya ce ta gano. Ta manta tabarau, ta miƙo wayarta in karanta mata saƙon ƙaninmu. Na yi ta kallon wayar.

"Ke, ba kya gani ne?"

"Ina gani, Yaya. Karantawar ce ba na iyawa."

Washegari ta faɗa wa likita a gabana. Ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, ni ba ɗan dubiya ba ne. In kin ce da sauƙi, da sauƙi nake rubutawa." Ya ce za a fara horar da ƙwaƙwalwar, amma ba zai yi mini alkawari ba.

Yaya malamar nazare ce a Darmanawa. Sai ga ta da littattafan ajinta masu hotuna, gefensu duk yara sun tattauna. Wallahi raina ya ɓaci.

"Yanzu ni za ki kawo wa wannan?"

"To ɗauko naki ki karanta mu ji."

Na karɓa. In 'yan dubiya sun shigo sai in cusa littattafan ƙarƙashin filo.

Akwai na wata kaza mai neman inda za ta yi ƙwai. Kowane shafi hoto ne da layi ɗaya. Ta je bayan randa, kyanwa na wurin. A wani shafin an zana ta zaune a ƙasa, fukafukai a sake, an rubuta cewa kaza ta gaji. Wannan ce jimlar farko da na karanta har ƙarshe da kaina, na yi ta kuka. Kowa cewa yake in daure, ita kuwa kazar nan an faɗi gajiyarta, an bar ta ta zauna shafi guda cur.

Yanzu ina gida. Ina tafiya da ƙafata, sai dai abu kaɗan ke gajiyar da ni. Na fara rubutu irin na littattafan yaran, layi ɗaya ranar da kai ya yarda. Na haɗa labarin wata akuya mai tsoron ruwan sama, Yaya ta karanta wa 'yan ajinta, wai sun ce a sake.

Na gode wa Allah, na gode wa Yaya da nas-nas ɗin da suka yi ta juya ni, da duk wanda ya yi mini addu'a. Don Allah ku riƙa auna jininku ko ba kwa jin komai. In kuma likita ne ya ce ya jiki, ku gaya masa gaskiya.

Masu tambayar ƙarshen dogon labarin da na bari a tsakiya, ku yi haƙuri. Jiya na buɗe shi. Ni na rubuta, amma har yau ban iya karanta shi ba.