Gado Da Kashin Albasa

Gado mutumin Aliero ya kai shekara talatin bai iya kasa albasa ba. Da ya ɗora ta huɗu sai kashin ya gangare. Ranar da yayansa Mukhtar ya ce ya bar zuwa rumfar da suke sayar da albasa, Gado ya ƙi cin tuwo. Aka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya nuna musu hoton ƙwaƙwalwarsa, ya ce wurin da ke auna sama da ƙasa ƙarami ne, haka aka haife shi, irinsa ba su da yawa.

"Wurin surutu hwa, likita?" in ji Mukhtar.

Likita ya yi dariya, don Gado ya riga ya gaishe da rabin asibitin.

Yanzu Mukhtar ke kasawa. Gado na bakin titi yana kiran kowane direba da sunansa, kuma suna tsayawa.