Harsashin da Bai Buɗe Ba

Orval Etchart ya yi shekara talatin yana gyaran shingen waya a makiyayun Wyoming ta Amurka, amma wa ya damu da shinge? Da harsashi aka san shi. Da hannunsa yake auna albarushi ya ɗura a kwanso, yana lumshe ido kamar mai jin kiɗa daga nesa.

Duk kaka, kafin a fita farautar gwankin dutse, sai ya jiƙa tsofaffin jaridu, ya ɗaure su dami guda, ya kai su taku ɗari biyar cikin kwari. Ya dawo ya harba, ya sake komawa ya tono harsashin da yatsa. In kan ya baje, to zai kayar da dabba nan take. In ya fito siriri yadda ya shiga, sai shara. Harsashi gajiya yake yi a doguwar tafiya, mai tauri kuma in ya gaji ba ya buɗewa, ratsa nama yake yi ya wuce, ya bar dabba da wahala. Wannan wahalar Orval ya tsana a duniya.

Bana gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Ya samo sabon harsashi na jan ƙarfe zalla, ya dubi kwarin, ya dubi sandarsa, ya ajiye jaridun taku ɗari kacal a bayan gidansa. Harsashin ya baje, gwanin kyau. Bai gaya wa kowa ba.

'Yarsa Ardis ce mai harbi yanzu, shi sai riƙon madubin hangen nesa. Da hantsi suna kan tudu, hazo na yawo a hankali cikin kwarin, ƙanƙara ta yi fari fat. Orval ya shagala, yana ganin duwatsun kamar suna iyo, har sai da ta zungure shi.

"Tsoho, barci kake ko kallo?"

"Ke dai riƙe numfashinki, sarkin surutu. Ga shi can, taku ɗari huɗu da tamanin."

Ta harba. Gwankin ya girgiza sau ɗaya, ya tsaya jim, sannan ya juya ya shige cikin itatuwa da tafiyarsa ta ƙasaita. Orval ya sauke madubin. Ya san abin da ya faru tun ƙarar ba ta gama yawo a duwatsu ba.

Ardis ta bi ɗigon jini, shi ya zauna a mota, kunya na cin sa. Sai la'asar ta dawo ta shiga motar, wandonta jiƙe har gwiwa, idanunta jawur.

"Jinin ya ɗauke a bakin rafi. Yana can yana shan azaba. Hannuna ne ya yi rawa, Baba. Na rataye bindiga daga yau."

Da ya yi shiru, shi ke nan, sunansa na nan daram a garin. Ya dubi hannun nata da ke kan sitiyari.

"Hannunki lafiyarsa ƙalau, daidai kika sa shi. Ni ne. A taku ɗari na gwada harsashin, a bayan gidanmu. Ƙafata ta kasa kai ni kwarin."

Ta daɗe tana kallonsa, ba ta tayar da motar ba.

"Gobe zan koma neman gwankin," ta ce. "Kai ma za ka zo, Baba, ko da rarrafe ne."