Sauran Yinin Tsakanin Abuja da Legas

Babu abin da ke tona asirin ɗan Adam kamar tazarar da ke tsakanin gari da gari. Mutum yana iya ɓoye shekarunsa, ya rina furfurarsa, amma taswira ba ta karɓar cin hanci. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a Kafanchan, na san abin da nake faɗi.

Shekarar da 'yata ta kawo saurayin da take so ta aura, ƙanena ya hau babur ya tafi Kagoma, garinsu saurayin, bincike, kamar yadda aka saba. Ya dawo da doya a bayan babur, da labarin cewa mutanen kirki ne, uban ma dattijon ikilisiya ne. Ban gamsu ba. Shaidar wanda ya dawo da doya tana bukatar wata shaidar.

Saurayin ya ce aikinsa na gyaran injinan asibiti yakan kai shi Legas daga Abuja, a jirgin sama. Ran da ya zo gaishe ni, na tambaye shi kamar da wasa:

"Samari, daga Abuja zuwa Legas awa nawa ne?"

"Baba, ai yini ne. Wancan karon da safe na fita, sai bayan faɗuwar rana na isa masauki."

Na ce to, madalla. Yana fita na sauko da tsohuwar taswirata, na ciro zare daga keken ɗinkin matata, na miƙa shi daga Abuja har bakin teku, na auna. Ko da direban jirgin rago ne, awa ɗaya da ɗan abu ta ishe shi. To sauran yinin fa? A gidan wa yake ƙarewa?

Matata ta leƙo. "Malam, ba ni zarena. Yaro ya ce yini, kai kana neman mace a cikin taswira."

'Yata ta fi ta ladabi. "Baba, jirgi ba ya jiran mutum a ƙofar gida. Akwai layi, akwai binciken kaya, a ce an ɗaga tashi, ga cunkoson Legas."

"Shi ya koya miki wannan karatun?"

"Kowa ya sani, Baba."

Ban taɓa ba ɗalibi maki a kan "kowa ya sani" ba. Na ƙi sa wa iyayensa ranar zuwa. Gidan ya yi tsit. 'Yata da ta saba rera waƙar majami'a tana shara ta koma shara kawai, shayina kuma ya fara zuwa da sanyi.

Na sake kiran saurayin, na juya tambayar ta wata fuska, yadda nake yi wa masu satar amsa. Amsarsa ba ta canja ba, har ya ƙara da cewa ana ba su biskit da ruwa a sama. Amsa ɗaya sau biyu: ko mai gaskiya ne, ko ya yi bita sosai.

A ƙarshe matata ta sanar da ni cewa matan zumuntar majami'armu sun riga sun yanka anko, kuma ƙanena mai doya a shirye yake ya ba da aure idan ni ina da aikin taswira. Na sa rana.

'Ya'yansu biyu yanzu. Yana kula da ita, ban musa ba. Amma duk Kirsimeti in sun zo nakan sake tambayarsa, shi kuma ya ce yini ne, Baba.

Ni dai ban taɓa shiga jirgin sama ba.