Furar Masu Gayya

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Gagarawa ya san Malam Ɗantsoho. Shekara ashirin da biyu yana dukan tafireta a ofishin wani shirin tallafa wa manoma. Ba ya duban yatsunsa. Yana bugu yana amsa gaisuwa, wani lokacin har yana taya goro ta taga. Da an tashi aiki sai ya hau keke zuwa gonarsa ta riɗi, daga can sai gida, inda Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi tun yana maraya, take zaune tana sauraron ƙarar kekensa. Idonta ya tafi, kuma ba ta yarda kowa ya jagorance ta sai shi.

Da aka kawo kwamfuta ofishin, Ɗantsoho bai ƙi ta ba. Sai dai shi da ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, wanda suka sa wa suna ɓera, ba sa ga-maciji. A ce danna sau biyu, ya danna sau huɗu. Haka suka yi shekara uku ana zaman doya da manja.

Bayan girbin 1999 cuta ta shiga kwamfutar, ta kwanta warwas. Manajan ofishin, Malam Habibullah, ya ce hedikwata ba za ta sayi sabuwa ba. In wata ya ƙare ba ta tashi ba, aikin bugu zai koma Dutse, shi ma mai bugun zai bi. Abin takaici, Ɗantsoho ne da hannunsa ya buga takardar canjin wurin aikinsa a tsohuwar tafireta, saura sa hannu kawai. Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Wa zai bar wa Goggo? Ita kuwa ta rantse ba mai fitar da ita daga ɗakinta sai makara.

Ya naɗe kwamfutar da bargo, ya shiga motar Gumel, ya dire ta a shagon Isaiah, mutumin Pankshin mai gyaran rediyo da talabijin, tsohon abokinsa da yake kira Ishaya. Isaiah ya duba, ya girgiza kai, sannan ya zaro wani faifai da ya zo manne da wata mujalla da ya saya a Kano.

"Malam, sai dai mu wanke mata ƙwaƙwalwa mu zuba wannan. Linux sunansa. Ni ma koyo nake yi."

"Nawa ne?"

"Kyauta."

"To na sata ne. Mayar da shi inda ka ɗauko."

Isaiah ya yi dariya har da dafa benci. "Ba sata ba ne. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya kawo abin da ya iya, suka haɗa, suka ce duk mai so ya ɗauka, ya ba wani ma."

Ɗantsoho ya ce, "Au, gayya ke nan suka yi."

Kwana biyu suna fama. Da abin ya tashi, sai ga allo baƙi ƙirin, ba hoto ko ɗaya, sai wani ɗan layi yana ƙyafta ido. Isaiah ya fara ba da haƙuri: na'urar ta tsufa, ba za ta ɗauki hotuna ba, komai sai an rubuta mata da hannu, ɓeran ma ba shi da amfani.

"Ba ɓera?" in ji Ɗantsoho. "Ishaya, ashe kai masoyina ne!"

Ya ja kujera. Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ranar farko ya shiga wurin rubutu ya rasa ƙofar fita, har ya zare waya daga bango don haushi. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta kowane umarni, yana bita a kan keke kamar mai hadda. Yatsun da suka saba tafireta kuwa ba su ba shi kunya ba. Da ya mayar da kwamfutar ofis, firinta ce ta kafe, kwana huɗu ko tari ba ta yi ba. Sai ana jajibirin ƙarshen wata, da hantsi, shi da kansa ya gano harafi guda da suka tsallake a cikin umarnin.

Washegari Manaja ya shigo da takardar canji a hannu. Ɗantsoho ya buga layi biyu a baƙin allon. Firinta ta ɗauki kuka, sunayen manoman da za a ba iri suka fara fitowa, tun daga na Gagarawa har na ƙauyukan gefe. Manaja ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa masa takardar canjin.

"Ungo, Malam. Ka ƙunshe goro da ita."

Da yamma ya ba Goggo labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Su masu gayyar, me ka ba su?"

"Goggo, ban ma san su ba. Suna can bayan teku."

"Kai, ɗan nan! A yi maka gayya ka sallami mutane ba ko fura? Ba a gidanmu ba."

Tun daga wannan Juma'ar take sa a dama fura cikin babbar ƙwarya, a ajiye a ƙofar gida, duk mai wucewa ya sha. In baƙo ya tambayi dalili, daga cikin zaure take amsawa: "Ta waɗanda suka bar mini ɗana ce."